Tela Mai Kurkukun Sauro

Ni tela ne, kuma ba ƙaramin tela ba. Tambayi kowa a layinmu. Amma kada ka tambayi Mai Aski, shi mahassadi ne tun fil azal. Kada kuma ka tambayi matata, ita ta san ni fiye da kima.

Layin namu gangare ne. Daga can sama, inda rumfar Mai Faci take, titi yake saukowa a hankali har ya zo ya durƙusa daidai ƙofar shagona. A ƙarƙashin titin akwai wani babban lambatu da aka gina saboda ruwan sama, mai faɗin da mutum zai iya tafiya a cikinsa a sunkuye. Ba ka ganinsa, sai dai bakunansa: ragogin ƙarfe a gefen titi, nan ɗaya can ɗaya, da wani zagayayyen murfi a gaban shagona. Ko da rani ruwa ba ya ƙarewa a ciki, domin kowane gida ya jona bututun wankansa da na tsakar gidansa. To, a nan sauro ya kafa gwamnati. Da rana ta sunkuya sai ka ga suna fitowa ta ragogin nan sahu-sahu, kowa ya san gidan da zai nufa, ba mai tambayar hanya.

Na daɗe ina haƙuri da su, har ranar da zazzaɓi ya kayar da Auta, 'yarmu ta ƙarshe. Na saɓa ta a kafaɗa zuwa asibiti, jikinta kamar dutsen guga. Allah ya ba ta lafiya. Amma ni tun a bakin gadon nan na rantse sai na ga bayan sauron layinmu.

Da aka sallamo ta, na fito da yamma na tarar da jama'a a bencin ƙofar Mai Aski, kowa yana marin ƙafarsa yana tsaki.

"Ku yi ta marin kanku," na ce. "Ni dai na gano inda gizo yake saƙar. Duniya gaba ɗaya a baibai take yaƙin nan. Ku gaya mini, in ɓarawo ya addabi unguwa, wa ake kullewa, ɓarawon ko masu kaya?"

"Ɓarawon mana," in ji Mai Faci.

"To don me kullum mu ake cusawa cikin gidan sauro, shi kuma sauron yana yawo a waje da hannu a aljihu? Ni zan juya abin. Zan ɗinka wa kowane bakin lambatu gidan sauro. Mu kwana a sarari, su kwana a kurkuku. In yunwa ta ishe su, su ci junansu."

Mai Faci ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

"Kai," ya ce, "wallahi maganar nan ta shiga."

Mai Aski ya kaɗa almakashinsa a iska. "Tela, kai ne fa ka ɗinka mini wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

"Ƙafafunka ne ba su yi shawara da juna ba. Ni awo na bi."

"To, Injiniya, Allah ya ba da sa'a."

Da gatse ya faɗa, amma sunan ya zauna mini daidai kamar an gwada, don haka na karɓa ban yi godiya ba.

Matsalar farko kayan aiki. Na shiga gida na kwance gidan sauronmu, na kwance na yara, na haɗa da labulen falo mai raga-raga da furanni, wanda matata take ji da shi. Tana dawowa daga kasuwa ta same ni zaune a tsakiyarsu da almakashi.

"Baban Auta, me nake gani haka?"

"Tarihi kike gani, Maman yara."

"Labulena ne tarihin?"

"A da, ido kawai yake tarewa. Yanzu cuta zai tare. Ƙarin girma ya samu."

"Yarinyar da aka sallamo daga asibiti, a cikin me za ta kwana?"

"A sarari, kamar 'yar gata. Daga yau sauro ba shi da izinin fita."

Ta tattara yaran ta kai su gidan yayarta, ta dawo ta shafe jikinta da maganin sauro, ta kulle ragowar a akwatinta ta soke makullin a ɗankwali. Na ce mata wannan rashin yarda ne da ilimi. Ta ce ita ilimi bai taɓa yi mata komai ba, ni ne dai ta sani.

Na wuni a kan keke. Akwai kayan makarantar firamare da na karɓa, riguna da wanduna na aji guda, na riga na gama su, sai na ninke na jera a kan tabarma a ƙasan shago don in sami fili. Kowace ragar ƙarfe na auna ta da tef, na yi mata riga daidai jikinta, har da kalmasa a baki, don ni ko sauro zan yi wa ɗinki ba na aikin ha'inci. Mai Faci ya taya ni ɗaurewa da waya, muka danne gefuna da duwatsu. Ragar ƙofar Mai Aski ita ta sami labule mai furanni. Na ce a bar shi ya ga abu mai kyau ko sau ɗaya a rayuwarsa.

Da yamma layi ya cika. Rana ta sunkuya, lokacin fitowa ya yi, shiru. Ko ɗaya bai fito ba. Na durƙusa na kara kunne a jikin labulen, na ji su can ciki suna ta zuuu, zuuu.

"Ku zo ku ji," na ce, "beli suke nema."

Aka yi tafi. Inna mai gidan da nake haya, tsohuwar da ba ta taɓa yaba wa kowa ba, ta dafa kaina ta ce Allah ya yi mini albarka. Na koma gida ina taku ɗaya-ɗaya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta da sauri ba.

Da safe ina buɗe shago sai ga wani mutum ya tsaya a kaina. Na dube shi na ce, "Malam, ɗinki ka kawo?"

"Ni ne, Tela."

Sai da ya yi magana na gane Mai Aski ne. Ido ɗaya ya rufe, leɓe ya kumbura ya yi gaba kamar yana jin haushin sauran fuskar. Ashe akwai wani ramin ruwa a tsakar gidansa, daidai ƙarƙashin tagar ɗakinsa, wanda ya haɗe da lambatun. Da sauron suka ga an rufe musu ƙofar gaba, sai suka yi taro suka bi ta can.

"Sauron layin nan kaf," ya ce, "da na sama da na ƙasa, da tsofaffi da masu koyon tashi, a ɗakina suka kwana."

Na ja hulata ƙasa, don ni ma goshina ba shi da labari mai daɗi. Akwai irin wannan ramin a namu gidan.

"Wannan ai alamar nasara ce," na ce. "Maƙiyi ya ruɗe, hanyar gudu yake nema."

"Ta fuskata hanyar ta bi?"

"A kowane yaƙi dole a sami wanda zai yi sadaukarwa."

"To don me ba a tambaye ni ba?"

"Da an tambaye ka, ai ba za ka yarda ba."

Ya tafi yana magana da rabin baki. Ni kuwa na jawo buhunan ƙyallayen da na daɗe ina tarawa a bayan shago, na shiga gida-gida ina sallama ina cusa su a duk ramin da na gani a tsakar gida. Na tura da muciya, na danna da dunduniya. Bututun wanka kaɗai na bari, don sirara ne, na ce sauro mai mutunci ba zai bi ta nan ba.

Kurkuku ya kammala. Saura fursunoni su mutu. Sai dai ba su nuna alamar suna da wannan niyya ba. Kullum na kara kunne sai in ji kukan ya ƙaru, har wani amo yake yi kamar injin niƙa.

"Injiniya," in ji Mai Aski, da fuskarsa ta fara saɓewa, "fursunoninka fa ƙiba suke yi. Ka manta akwai ɓeraye a ciki? Ka kulle su ne da abincinsu."

Jama'ar benci suka kwashe da dariya, har da Mai Faci. Dariyar nan ita ta ƙona mini rai. Na miƙe na gyara wuyan riga.

"Ɗaurin talala ne na yi musu, don in ga ko za su tuba. Tunda sun ƙi, gobe za a zartar da hukuncin kisa."

Na karɓo tsohuwar taya a wurin Mai Faci, na yayyanka ta. Na haɗa da ragowar ƙyallaye. Na shiga kicin na kwashe busasshen barkonon matata gaba ɗaya, ita tana bayan gida tana shanya. Duk na zuba a cikin tsohuwar garwa. Sannan na bi ragogin titi ɗaya bayan ɗaya na lulluɓe su da buhuna da kwalaye, na ɗora manyan duwatsu, don kada hayaƙi ya sami wurin tsira.

Ranar hutu ce, da hantsi, kowa yana gida. Na ɗaga zagayayyen murfin gaban shagona, na cinna wa garwar wuta, na zura ta da waya har ƙasa. Na mayar da murfin na bar 'yar kafa, na jawo fankar shago na kafa ta a bakin kafar, na kunna ta har ƙarshe. Na ɗauko kujera na zauna na harɗe ƙafa.

Da farko shiru. Can sai na ji atishawa daga gidan farko na sama. Sai gida na biyu ya amsa. Sai na uku. Atishawar ta dinga gangarowa gida-gida kamar ana kiran suna a aji. Kafin in ankara tagogi sun fara fitar da baƙin hayaƙi. Sirarun bututun nan da na raina, su hayaƙin ya bi, ya fito a banɗakin kowa.

Ƙofar gidanmu ta buɗe da ƙarfi. Inna ce, da ɗaurin ƙirji, kumfar sabulu a kai, ido jawur, tana tari tana lalube.

"Wane ɗan banzan ne ya sa mini barkono a wanka?"

Ban kai ga amsawa ba aka fara ihu a wani gidan. Kyankyasai ne suka biyo hayaƙin, ba ɗaya ba ba ɗari ba, suna tuttuɗowa daga bututu kamar ana zazzage buhu. Bayansu ɓeraye, sun turo ƙyallayena waje sun fito da iyalansu. Mata suka hau kan kujeru, maza suka hau bayan mata suna cewa a kwantar da hankali.

Wata gafiya, mai girman kyanwa, ta fito daga tsakar gidan Mai Aski ta faɗa shagonsa. A lokacin Mai Faci yana kan kujera an rufa masa ƙyalle, injin aski yana kan ƙeyarsa. Gafiyar ta bi ta kan ƙafar Mai Aski. Ya yi tsalle ya ɗare kan tebur, hannunsa bai saki injin ba, injin kuma bai saki kan Mai Faci ba. Daga ƙeya har goshi ya share hanya ɗoɗar.

Mai Faci ya fito titi da ƙyallen a wuya, yana shafa kai.

"Tela! Dubi abin da ka jawo mini! An yi mini titi a kai!"

"Gashi ne, zai tsiro."

"Ni na ba ka taya! Ni na riƙe maka waya!"

"Shi ya sa tarihi ba zai manta da kai ba."

Inna ta iso tana nuna ni da soson wanka. "Kai ɗan nan, haya na ba ka ko filin yaƙi?"

"Inna, ki yi haƙuri ki duba da kyau. Duk waɗannan da suka fito da ƙafafunsu ba su muke nema ba. Kin ga sauro ko ɗaya ya fito? Babu. Sun mutu a ciki, kaf."

"Albarkar da na sa maka, na janye ta."

"Inna, ai ba a janyewa."

"Tawa ce, na janye."

Sai ga matata ta fito. Ta tsaya a ƙofa da gwangwanin barkono a hannu, ta kifa shi, ta girgiza, ta dube ni. Na fi son a zage ni da irin wannan kallo.

Ban san wanda ya kai ƙara ba, ko da yake ina zargin wani mai almakashi. Washegari aka aiko cewa duba-gari za ta zo layinmu, kuma ni take son gani. Na fita na sanar da kowa cewa labarina ya kai ga hukuma, za a turo jami'a ta koyi dabarar don a yaɗa ta a sauran unguwanni.

"Baban Auta," in ji matata, "wannan fa sammaci ne, ba gayyata ba."

"Ke ba ki san yadda manya suke magana ba."

Na ƙudura zan shiga lambatun da kaina a gabanta, in ɗebo gawar sauro cike da bokiti in ajiye a ƙafarta. Saboda ko akwai ɗaya ko biyu da suka suma ba su ƙarasa ba, na ɗinka wa kaina rigar yaƙi. Na farke tsohuwar katifa, na yanka soson, na rufe shi da yadin kakin da ya rage daga kayan makaranta, tun daga wuya har ƙugu. Da na saka ta sai da na fita ta ƙofar shago a karkace. Soson ya ƙare kafin in kai ga wando, don haka na bar ƙasa da ɗan siririn wandon da nake zaman gida da shi. Na ce ai jarumi ƙirjinsa ake hari.

Ranar da za ta zo, gari ya tashi da hadari a gabas, baƙi ƙirin.

"Ka je ka kwashe buhunan nan daga kan ragogi," in ji matata. "Ruwa zai sauko."

"Wannan hadarin na wucewa ne. Na san shi."

"Kun yi makaranta tare?"

Ban kula ta ba. Duba-gari ta iso, wata 'yar siririyar mata da farar riga da takalmin roba, ba ta da yawan magana. Layi gaba ɗaya ya fito. Mai Faci ya zo da hula har kunne. Ta bi ragogin da kallo, buhu da dutse, buhu da dutse, har idonta ya sauka a kaina, ina tsaye kamar katifar da aka jingine.

"Malam, kai ne ka toshe magudanar ruwa?"

"Ni ne na ƙirƙiro, ranki ya daɗe."

"Ka ƙirƙiro me?"

"Kurkukun sauro. Mataki na farko ɗauri, na biyu kisa. Yanzu muna matakin jana'iza."

Ta ɗaga kai ta dubi sama. "A buɗe ragogin nan yanzu-yanzu."

"Za a buɗe, ranki ya daɗe. Amma gani ya kori ji. Bari ki fara ganin gawawwaki."

"Malam, kada ka shiga ramin nan."

"Tela," in ji Mai Aski, "bakin rijiya fa ba wurin wasan makaho ba ne."

"Shi ya sa ban gayyace ka ba."

Na ture murfin gefe, na ɗauki bokiti, na juya baya na zura ƙafa. Akwai ƙarafan takawa a jikin bangon ramin. Ƙafa ta shiga, gwiwa ta shiga, ƙugu ya shiga. Da aka zo kan tumbi da soson katifa, sai tafiya ta tsaya. Na ja numfashi na matsa ƙasa da ƙarfi. Na ɗan nutse, na cika bakin ramin dam, kamar an auna ni da tef. A nan ƙafata ta zame daga kan ƙarfen. Na koma rabi a duniya, rabi a lahira, hannuwa a sama riƙe da bokiti, ƙafafu suna lilo a cikin duhu.

Sai na ji su.

Ba su mutu ba. Ko tari ba na jin sun yi. Hayaƙin duk a gidajen mutane ya ƙare. Abin da na yi kawai shi ne na tara su wuri ɗaya, na bar su da fushi, sannan na zuro musu cinyoyi biyu ta rufin ɗaki. Wandon nan kuwa ko sallama ba su yi masa ba.

Daga ƙugu zuwa sama na riƙe mutuncina. Daga ƙugu zuwa ƙasa rawa nake yi wadda ban taɓa koya ba.

"Injiniya, lafiya?" in ji Mai Aski.

"Lafiya lau. Nazari nake yi."

"To me ya kawo hawaye?"

"Ragowar barkono ne."

"Gawawwakin fa?"

"Suna nan. Wasunsu suna motsi kaɗan."

Ɗigon farko a kan hancina ya sauka. Kafin a ce kwabo sama ta ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya taso daga saman layi, ya je ragar farko ya tarar a rufe, ya wuce ta biyu ya tarar a rufe, ya yi ta gangarowa yana tara 'yan'uwansa, da ledoji da ganyaye da takalman mutane. Ƙofa ɗaya ta rage masa a layin nan gaba ɗaya, ni kuma ina cikinta.

Soson katifa ya sha ruwa ya kumbura. Ɗan wurin da iska take wucewa ma ya toshe. Ruwa ya kewaye ni ya fara hawa, ya wuce ciki, ya kama ƙirji. Ina kallo ya haura dokin ƙofar shagona. Can sai ga kayan makaranta suna fitowa, riga na bin wando, wando na bin riga, a jere kamar an tashi 'yan firamare, sai dai babu yaran a ciki. Matata ta tattare zani ta faɗa ruwan tana kamo su ɗaya-ɗaya.

Da ruwa ya taɓa haɓata, nazari ya ƙare.

"Jama'a ku cece ni! Wayyo Allah! Maman yara! Ku fitar da ni, ba su mutu ba, wallahi ko ɗaya bai mutu ba!"

Duba-gari ta daka tsawa, muryar da ban san tana da ita ba. Ta tura samari su je su yaye buhunan, amma ruwa ya riga ya rufe ragogin, sai lalube suke da ƙafa. Mai Faci ya kama hannuna na dama, Mai Aski ya kama na hagu, suka ja. Na ji kamar za a raba ni gida biyu, amma ko gezau. Inna ta shigo ruwan har gwiwa, ta tallafe haɓata da hannu ɗaya don kada in sha, ɗaya hannun kuma ta riƙe kunnena, wai don in tsaya daidai. Har yau ban yarda wannan ne dalilin ba.

"Saki bokitin, ɗan nan!"

Ashe har lokacin ina riƙe da shi.

Mai Aski ya zaro almakashinsa daga aljihu, ya nutsa hannu cikin ruwa ya fara yanka rigar yaƙina.

"A hankali," na ce, "ɗinkin ciki biyu ne."

"Sai yau ka ga damar yin ɗinki mai ƙarfi!"

Mai Faci ya ruga rumfarsa ya dawo da galan na baƙin mai, ya tuttula mini ta wuya. Hularsa ta faɗi ruwa ya tafi da ita, bai ko waiwaya ba. Suka sake kamawa, duba-gari ta kama ƙugun Mai Aski, matata ta watsar da kayan makaranta ta kama ƙugun duba-gari.

"Ku ja!"

Na ji wani ɓut! Na fito kamar an zare toshiyar kwalba, muka zube gaba ɗaya a cikin ruwa. Ramin ya buɗe baki ya fara haɗiya da wani irin gurnani. Ruwan da ya cika layi ya dinga juyawa yana shigewa, ya tafi da bokitina, da yankakken soso, da takalmina ɗaya. Wandona kuwa tun a ƙasa ya maƙale a jikin ƙarfe, bai biyo ni ba.

Na miƙe a gaban jama'ar layi kaf, maza da mata, daga ni sai ɗan kamfai da rabin katifa a kafaɗa, baƙin mai yana ɗiga. Ƙafafuna sun yi ƙuraje tun daga cinya har idon sawu, babu inda za ka ɗora yatsa. Matata ta cire mayafinta ta ɗaura mini a ƙugu, ta ja ƙullin da ƙarfin da ya wuce buƙata.

Duba-gari ta matse ruwa daga rigarta, ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, a aikin nan na ga an toshe lambatu da tsohuwar kujera. Na ga an toshe shi da mushen akuya. Yau ne na fara ganin an toshe shi da tela."

Dariyar da aka yi, ina jin har layi na uku an ji ta. Inna sai da ta zauna a kan dakali.

Kafin ta tafi ta sa na bi ragogin nan da mayafi a ƙugu, na kwance kowace waya, na kwashe kowane buhu, na shiga gida-gida na zaro ƙyallayena. A kowane gida sai an tara yara su gaishe ni.

Ba a jima ba zazzaɓi ya zo karɓar nasa kason. Na kwanta a asibiti ina karkarwa, Auta tana yi mini fifita tana tambaya ko sauro sun bar mini saƙo. Da na dawo na tarar an wanke kayan makaranta tas, an shanya su a igiyoyin gidaje daban-daban. Mai Aski ne ya goge su a shagonsa, yana guga yana zagina, yana zagina yana guga, har ya gama. Ko ɗaya bai ƙona ba. Na so in sami abin kushewa, ban samu ba.

Rahoton ambaliyar kuwa ya kai inda ya kai. Ina kwance aka turo ma'aikata da babbar mota, suka buɗe lambatun tun daga sama har ƙasa, suka kwashe dagwalon da ya shekara yana tare ruwa, suka zuba maganin da ke kashe 'ya'yan sauro tun suna cikin ruwa. Sauro ya ragu sosai, har ana zama a benci da yamma ba a marin ƙafa.

Ranar da na fara fita, na zauna a tsakiyarsu na yi gyaran murya.

"To, jama'a, a faɗi gaskiya komai ɗacinta. In ba don ni ba, da motar nan ta shigo layinmu?"

Matata ce ta zo wucewa da kwandon cefane, ta tsaya.

"Gaskiyarka, Baban Auta," ta ce. "Gobara ma ai tana kawo motar ruwa unguwa."

Ta wuce abinta. Na juya na dubi Mai Aski.

"Ka ji ko? Ita ma ta yarda."